Anti Waya, mai kashe shi kowace safiya

Kowace safiya Anti Waya takan shigo asibiti da kofinta, ta wuce ɗan ɗakin nan na bayan ɗakin wanki inda fanka ke kuka, ta cire takalmi, ta zauna gaban kwamfuta. Shekara da shekaru haka, kuma wallahi rabin ma'aikata sun ɗauka gyaran tarho take yi.

Babbar nas ma haka ta ɗauka, har ranar da aka kwantar da mahaifinta da ciwon zuciya, aka maƙala masa na'urar da ke kai ƙararrawa teburin nas-nas. Tana wucewa ta ƙofar ɗakin sai ta ji Anti tana faɗa a waya, hankali kwance: "Na kashe shi ɗazu. Kowa ya dawo, ban da na gadon taga."

Innalillahi! Gadon taga na babanta ne. Tiren hannunta ya tarwatse a ƙasa.

"Anti, wa kika kashe?"

"Mai sadarwa mana. Ke, tashi daga ƙasa, Baba na can yana faɗa da matashin kai."

Anti ta zaunar da ita ta warware mata. Tsarin da ke tuƙa na'urorin nan, zuciyarsa 'yar mitsitsiya ce, aikinta miƙa saƙo kawai. Manhajar sadarwa, wato mai sadarwar nan, tana waje, zaman kanta take. Na'urar da ke son magana sai ta nemi soket, wato ƙofa, zuciya ta miƙa buƙatar, mai sadarwa ya buɗe. In ya faɗi, shi kaɗai ya faɗi, nan take a tashe shi. Amma ƙofofi sun rufe, dole kowace na'ura ta sake ƙwanƙwasawa.

"Wadda ba ta ƙwanƙwasa ba fa?"

"Shiru za ta yi, ku kuma ku ce mara lafiya barci yake."

Nas ta dafe ƙirji. "Da gangan kike kashe shi? Kullum?"

"Kullum, sa'ad da likitoci ke zagaye suna tsaye kan gadaje. Gara ya faɗi a hannuna in ga wanda bai dawo ba."

Kafin a gama zagaye Anti ta canza na'urar gadon taga. Bayan kwana biyu mai sadarwa ya faɗi da kansa, ya tashi, kuma da yammar nan zuciyar tsohon ta yi tuntuɓe. Ƙararrawa ta kaɗa, aka ruga, aka cim masa. Nas ta ce da tsohuwar na'urar ce a jikinsa, da ba wanda ya ji.

Anti Waya, ke ce mai jin shirun da ba wanda ke ji. Ke ce aka yi ta aikawa ki duba caja, kika je kika duba. Abin kunya, sai yau da za ki ajiye aiki muka san me kike yi a bayan ɗakin wanki. Mun gode, Allah ya saka.

Ku masu tasowa, ku koyi gwada abu tun kuna tsaye a kansa. Tsohon kuwa ya zo walimar sallamar Anti da sandarsa, ya riƙe hannunta ya ce, "Yarinya, an ce ke kika kashe ni. To ga ni, na zo godiya."