Mai Banda da Budurwar Cikin Waya

A kasuwar kifi ta Haɗeja, Sadiya ta zo sayen tarwaɗa, amma ga ta tsaye tana kallon mai bandar. Dattijuwa ce siririya, hayaƙi ya rina mata mayafi, goro ya rina mata haƙora. Ta jingina waya da kwando, tana kallon fim ɗin aljanu na Turawa, ido waje, baki har kunne.

A cikin fim ɗin wata budurwa tana tura ƙofar kango.

"Ke! Babu sallama?" dattijuwar ta daka mata tsawa. "Masu gidan suna ciki!"

Sai ta karanta addu'a, ta tofa wa wayar, ta goge da gefen zani. Sadiya ta raya a ranta, wannan ta raini 'ya'ya a bakin kogi, kuma babu wanda ya taɓa shiga ruwa da magariba.

Ƙauri ya tashi.

"Inna, kifinki yana ƙonewa!"

Ko waiwayawa ba ta yi ba. Ta fizgo hannun Sadiya ta zaunar da ita.

"Bar kifi, 'yar nan, taya ni addu'a! Marar jin maganar nan ta nufi rijiya!"