Hannuna na Hagu Bai Nutse Ba

Ni mutum ne mai wasuwasi tun ina yaro. Idan na zuba gishiri a miya, ba a jimawa sai zuciyata ta ce ban zuba ba, in ɗanɗana, in sake ɗanɗanawa har harshena ya daina bambancewa. Hajiya, matar maigidana, ta saba da halina. Takan leƙo kicin ta ce, "Kuku, ya ji, ka bar miyar nan ta huta." In ce, "To, Hajiya," amma sai na ƙara lasa.

Na daɗe ina dafa abinci a gidan Alhaji a Nassarawa GRA. Asalina daga wani ƙauye ne a ƙasar Katsina, iyayena Kirista ne, karatuna kuma bai wuce aji shida na firamare ba. Da na zo Kano sai na shiga wata ƙaramar ikilisiyar Baftis a Badawa, inda ake sujada da Hausa. Yawancinmu masu aiki ne a gidajen manya, kuku da direbobi da masu ban ruwan fulawa. Akwai ma'aikatan asibiti kaɗan, da tsofaffin 'yan sanda, da lauya guda ɗaya.

A wajenmu ba a yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya yi hankali, ya tsaya gaban jama'a ya faɗi bangaskiyarsa da bakinsa, sa'an nan a nutsar da shi cikin ruwa. A bayan majami'armu akwai wani kwami na siminti da aka gina don haka. Ranar tawa ta faɗo a tsakiyar zafi, famfo ya ɗauke, 'yan garuwa ne suka yi ta juye jarkoki tun safe. Ni kuwa ina tsoron ruwa, domin na taɓa nutsewa a kududdufi ina ƙarami, da kyar aka ciro ni. Duk da haka na sauka cikin kwamin da ƙafafuna. Da tsohon fastonmu ya kwantar da ni ta baya, ruwa ya rufe fuskata, ban san lokacin da hannuna na hagu ya cafke bakin kwamin ba. Aka tashe ni, mata suna guɗa, ana waƙa. Na dubi hannun. Daga wuyan hannu zuwa yatsu a bushe yake ƙayau, har da ƙurar siminti a tafin. Ba wanda ya lura. Na cusa shi cikin jiƙaƙƙiyar rigata na yi shiru.

Shirun nan ya kai shekara bakwai. Abin da ke cin raina shi ne, in baftismar ba ta yi ba, to ni ba ɗan ikilisiya ba ne, kuma duk Jibin Ubangiji da na ci, wato gurasa da ƙoƙon da 'yan ikilisiya ke ci tare, na ci abin da ban cancanta ba. Da fari ina ci a tsorace. Daga baya na koma neman dalili. Duk Lahadin da za a yi Jibi sai in ce akwai baƙi a gidan Alhaji, ko in fita kamar fitsari ya matsa mini. Matata ta tambaye ni har ta gaji.

Wanda na fara gaya wa ba Kirista ba ne. Malam ne, maigadin gidanmu, mutumin Jigawa, wanda muke cin tuwo kwano ɗaya da shi a bakin get. Wata rana ina kallonsa yana alwala, yana bin tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sai na ce, "Malam, in wani wuri ya ragu ruwa bai taɓa ba fa?"

Ya ce, "Lam'a ke nan. Sai a koma a wanke wurin."

Na kwashe labarina na gaya masa. Ya ajiye buta ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ce, "Kai Kuku, shekara bakwai? To ni dai kada ka ɗauki fatawata, hanyarku daban, tamu daban. Ka je wajen babban malaminku ya yanke maka. Wannan ramar da kake yi, Hajiya za ta zata abincinka ne ba ya ciyuwa."

Ban je ba sai da abin ya zo mini har gida. A shekarar aka ce za a ƙara dikin guda, wato mai taimaka wa fasto da hidima, wanda kuma shi ke zagayawa da faranti ranar Jibi. Wasu suka ba da sunana. Da na ji an karanta shi a gaban majami'a, sai hankalina ya tashi. Yaya mutumin da bai tabbata an yi masa baftisma ba zai raba wa mutane gurasa?

Tsohon faston ya riga ya yi ritaya ya koma garinsu. Sabon, matashi ne mai sanyin magana. Na same shi ranar Talata da la'asar, na zayyana masa komai. Bai yi dariya ba, na kuwa gode masa a kan haka.

Ya ce, "Baba, in ra'ayina kake tambaya, baftismarka ta yi."

Na ce, "Fasto, ra'ayi ba zai sa in yi barci ba. Ka sake mini kawai, mu biyu, ba sai kowa ya sani ba."

Ya girgiza kai. "In na sake maka, na ce ta farko ba ta yi ba ke nan. Wannan koyarwa ce, ni kuwa ba ni da ikon ƙirƙiro wa ikilisiya koyarwa a ɓoye. Kwamin ma ba nawa ba ne."

"To a rubuta wa manya. Ai akwai manya a sama."

"Akwai 'yan'uwa da muke haɗa kai da su, muna neman shawararsu, amma ba sa yi mana hukunci. Mu ba mu da bishop, wato babban shugaba mai yanke wa ikilisiyoyi hukunci. Littafi Mai Tsarki ne a samanmu, jama'a kuma su ke zama su duba shi tare. Su suka ɗaga hannu suka karɓe ka, su ne za su ce e ko a'a. Ni ma ƙuri'a ɗaya gare ni, kamar taka."

Na tambaye shi ko ba za a kai maganar ba tare da ambaton sunana ba. Ya ce za a iya. Na kwana biyu ina juya abin, na ga in an ɓoye sunana, gobe zuciyata za ta ce ai ba su san ni ba ne. Na koma na ce ni zan faɗa da bakina.

Taron ikilisiya akan yi shi bayan sujada, yakan kuma ja har la'asar. Na nemi izinin Hajiya, na ce zan gama abincin rana tun da safe in zuba a kula. Ta ce, "Lafiya dai? Ka yi zuru-zuru kamar wanda za a kai kotu." Na ce kusan haka ne. Ta ce, "To Allah ya ba mai gaskiya sa'a. Kada dai ka manta da farfesun Alhaji."

Ranar, aka fara da maganar rufin da ke yoyo, aka daɗe a kanta. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Da aka kira ni na miƙe, na faɗi abin da ya faru tun daga kududdufi har zuwa ƙurar siminti. Na ce na yi ta gudun Jibi, na kuma yi ƙaryar baƙi, ina neman gafara. Na zauna.

Wanda ya fara tashi wani dattijo ne, tsohon sajan na 'yan sanda, wanda kowa ke kira Baba Saja. Ya ce, "Ɗan'uwan nan ya yi gaskiya, Allah ya sa masa albarka. Amma umarni umarni ne. An ce a nutsar. Rabin fareti ba fareti ba ne. A cika kwami a sake masa, magana ta ƙare."

Lauya ya buɗe takardar ka'idodin ikilisiya, wadda waɗanda suka kafa ta suka rubuta, ya karanta wurin. Ya ce abin da ke ciki kawai shi ne a nutsar da mai bi cikin ruwa, ba a ambaci hannu ko ƙafa ba. Wani direba ya ce to ai shi ma bai san abin da gwiwarsa ta yi a ranar tasa ba, ido a rufe yake.

Sai shugabar zumuntar mata ta miƙe, tsohuwa ce mai sayar da ƙosai a bakin titin Badawa. Ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Baba Saja, ni da kai rana ɗaya aka yi mana, a rafin garinmu, da rani. Ruwan ko cinya bai kai ba. Ina tsaye ina kallo aka kwantar da kai, tumbinka yana sama kamar ƙwarya a kife."

Majami'a ta kaure da dariya. Baba Saja ya zabura, "Ƙarya kike, Mama! A lokacin ba ni da tumbi!"

"To hancinka ne na gani. In za a sake wa Kuku, ka tuɓe takalmi ka bi layi."

Fasto ya sha wahala kafin a yi shiru. Da aka natsu, Baba Saja ya sake neman magana, wannan karon ba wasa a muryarsa. Ya ce abin da yake tsoro shi ne, in yau an ce hannu ba komai, gobe a ce kafaɗa, jibi a ce yayyafi ma ya isa, a wayi gari mun bar abin da iyayenmu suka tsaya a kai. Na ga mutane da yawa suna gyaɗa kai. Ni ma a raina na ce gaskiyarsa.

Aka buɗe Littafi, aka karanta wuraren da suka yi maganar baftisma, wannan ya karanta, wancan ya karanta. Sai wata ma'aikaciyar jinya, wadda ba ta cika magana ba, ta juyo ta dube ni.

"Baba, wani ne ya tura ka cikin kwamin?"

"A'a, da ƙafata na shiga."

"Ka san kana tsoron ruwa?"

"Na sani."

"Da ka riƙe bakin, cewa ka yi ka fasa bin Ubangiji?"

Na ce, "Allah ya kiyaye! Tsoro ne kawai."

Ta juya ga jama'a ta ce, "To ni abin da na gani a wuraren nan da aka karanta, ruwan shaida ne na cewa mutum ya ba da kansa. Mu da ba ma tsoron ruwa, me muka bayar a ranar? Shi ne ya shiga abin da ya taɓa kusan kashe shi."

Ban taɓa kallon ranar ta wannan fuska ba. Shekara bakwai hannun kawai nake gani.

Lauya ya tsara magana a takarda, aka yi ta gyara ta. Direba ya sa an cire wata kalma da ya ce shi bai gane ta ba. A ƙarshe abin da aka karanta shi ne: ikilisiyarmu tana nan a kan nutsarwa, ba ta karɓi yayyafi ba, amma wanda ya shaida bangaskiyarsa, ya miƙa kansa aka nutsar da shi a gaban jama'a, baftismarsa ta tsaya, ko da tsoro ko ƙarancin ruwa ya sa wata gaɓa ta ragu. Baba Saja ya ce a ƙara cewa daga yau ba za a yi baftisma ba sai kwami ya cika maƙil. Aka ƙara.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Na rufe ido. Matata ce ta zungure ni ta ce, "Buɗe ka gani mana." Na buɗe. Hannuwa ne ko'ina, na Mama mai ƙosai, na lauya, na direba, na fasto a cikinsu ba wanda ya fi wani tsawo. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba, Baba Saja ya ɗaga nasa tsaye kyam, shi da mutum uku. Magatakarda ya ƙirga ya rubuta, aka yi addu'a. Ni dai hawaye kawai nake yi, ban ko ji kunya ba.

Na zaci shi ke nan na yi abokin gaba. Amma da aka zo zaɓen dikin, Baba Saja ne ya fara miƙewa. Ya ce, "Ni ban yarda da hukuncin ba, kun gani. Amma ikilisiya ta yanke, na bi. Mutumin da yatsu biyar suka hana shi sakat shekara bakwai ba zai yi wasa da kayan Ubangiji ba. Ina goyon bayansa." Aka zaɓe ni.

Da na sauka daga adaidaita sahu a bakin get, Malam yana zaune a kan benci da rediyonsa. Ya ce, "Yaya, babban malamin ya yanke?"

Na ce, "An yanke. Ta yi."

"Alhamdu lillahi. Wane ne shi, daga ina ya zo?"

Na ce, "Mai ƙosai ce, da direba, da tsohon ɗan sanda, da sauranmu."

Ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah! To ka shiga, Alhaji ya tambayi farfesu sau biyu."

Lahadin farko na watan da ya biyo aka yi Jibi. Matata ta goge mini farar riga. Fasto ya miƙo mini farantin gurasa, na karɓa da hannu biyu, na bi layi-layi ina miƙa wa mutane. Da na iso wajen Baba Saja ya ɗauki nasa, ya ce a hankali, "Miƙe kafaɗa, Dikin." Na miƙe. Da kowa ya samu na koma gaba, fasto ya karɓi farantin ya juyo da shi gare ni. Na ɗauki gutsure ɗaya, na jira har ya ce mu ci, na ci tare da kowa.