Azarar Soron Inna Yalwa

Ranar wata Lahadi ce, a bazarar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka ɗora diga a kan soron kakata Inna Yalwa, a ƙauyenmu da ke kusa da Kunci. Ina tsaye gindin darbejiya ina tsalle ina murna, ita kuwa tana zaune kan turmi da kwallayenta da tabarmarta a gefe. Ƙaramin ɗanta, Baffa Sabo, ƙanen babana da ke sana'ar wayarin ɗin lantarki a Kano, shi ke ba da umarni, yana ta jan kunnen maza su zare azara a hankali kada ko ɗaya ta karye.

A wannan soro na tashi, domin tun da aka yaye ni Inna ta ɗauke ni, tana kirana maigidanta, ni kuma ina ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Kakanmu marigayi ne ya gina shi da tubali, kaurin bangon ya kai kamu biyu, da 'yan tagogi ƙanana can sama inda iska mai zafi ke fita. Duk ƙunar ranar bazara, idan muka dawo daga makaranta ƙafafu na zogi, da ka shiga sai ka ji kamar an tsoma ka a randa. Lokacin sanyi kuma bangon ya riƙe ɗumin rana har asuba. Kafin kowace damina akan yi gayyar yaɓe. Mu yara mu ɗebo ruwa a rijiya, mu tattake ƙasa da ciyawa muna jifan juna da laka, mata su jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da ruwansa, Inna ta dama fura ƙwarya guda. A irin wannan rana ce, ina aji biyu, na hau turmi na zana sunana da ƙusa a azarar saman ƙofa, na sha rankwashi. Inna takan ce, "Ɗaki ma kamar mutum yake, in ka kula da shi ya kula da kai."

Sai Baffa Sabo ya zo da Sallah, ya ce abin kunya ne a ce yana birni uwarsa na kwana a ginin ƙasa. Zai yi mata ɗakin bulo da kwano, ya ɗora faranti huɗu na sola, fanka na juyawa dare da rana. Ni kuma ya dafa kaina ya ce na rabu da karatu da fitilar ƙwai. Inna ta ƙi, ta sake ƙi, har ya yi fushi ya ce ba ta ɗauke shi ɗa ba. Nan ta sauko, ta ce, "To Sabo, Allah ya yi maka albarka." Azarar da aka zare, tsofaffin itacen giginya da gara ba ta iya musu, ya loda su a mota ya ce zai rabar.

Ɗakin bulo ya tashi babu silin. Faranti ɗaya ya kawo, da batir ɗan kwance. Fankar ta yi mana wata biyu, sannan ya zo ya kwance komai ya ce gyara zai kai. Har yau ana gyara. Da hantsi kwanon ya fara gasa mu, da dare bango ya amayo zafin da ya sha. Inna ta koma wuni gindin darbejiya da mafici, jikinta duk ƙuraje, amma ko sau ɗaya ban ji ta aibata Baffa Sabo ba. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." A bazara ta uku ta rasu a wannan ɗaki, ina yi mata fifita.

Na girma, na zama malamin makaranta, kafin na taka gidan Baffa Sabo a Kano, ranar bikin 'yarsa. A tsakar gidan sai ga wani ɗan soro na ƙasa, an yaɓe shi sumul, farantan sola jere a kansa. Ya ja ni ciki yana nuna wa baƙi, yana cewa, "Irin wannan ake yayi yanzu, ba ya cin wuta, ko fanka ba ya so." Sanyin da na sani ya dake ni. Na ɗaga kai zan fita, sai ga sunana a azarar saman ƙofa, da karkataccen rubutun ɗan aji biyu. Ashe ya san darajar abin tun ranar da ya sa aka rushe shi. Na tsani kaina don na gaishe shi, na fito ban ci abincin bikin ba.

Yanzu ƙauyenmu duk kwano ne ke walƙiya, ba a gayyar yaɓe, yara kuma ba su san ana iya barcin rana a ɗaki cikin bazara ba. Nakan je in tsaya a inda soron yake, in tuna tsohuwar da ta ba da inuwarta don kada ɗanta ya yi fushi. Shi yana can yana shan sanyinta.