Kunun Yaye da Baffa Ya Sa Na Karanta

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe, ni da ƙanwata muna asibitin unguwarmu a Poumpoumré, aka ɗora ɗana Sani a ma'auni. Tun yaye yake ramewa. Malamar asibiti ta ce, "Maman Sani, ya fara cikowa. Me kike ba shi?" Na yi ajiyar zuciya, Baffanmu ya faɗo mini a rai.

Marigayin mahauci ne, ba ya jin Faransanci, amma duk littafin abinci da aka raba a asibiti sai ya kawo gida. Bayan la'asar yakan zauna a tabarma, rigarsa na ƙanshin hayaƙi, ya ce, "Karanta, ban da tsallake." Wata rana ina karantawa ina fassara masa da Hausa, da na kai inda aka ce a rage kitse, sai ya yi tsaki: "Wannan so yake in rufe tebur! Ci gaba." A shafi na gaba muka sami kunun yaye: gero tukuna, sannan gyaɗa, sannan garin zogale. Shi nake dama wa Sani.

Allah Ya haskaka kabarinsa. Mai karatu, in ka sami irin littafin nan, kada ka naɗe tsire da shi. Ka sa a karanta maka, ka kuma sa Baffa a addu'a.