Turmin Gwaggo

Ina shekara ta huɗu da fara aikin ungozoma a Malanville aka shirya mana horon kwana uku a kan abincin mai ciki. Wadda aka turo daga kudu ta koyar da mu ƙawata ce, tare muka yi makaranta, kwano ɗaya muke ci. Tana isowa ta ce tana son ɗaukar bidiyon wata tsohuwar ungozomar gargajiya, a ji hikimar manya. Ni da bakina ba ya shiru, na ce ai ga gwaggona a Madécali.

Gwaggo ce ta karɓi haihuwar rabin unguwarsu. Tana da wani gari da take ba masu ciki su barbaɗa a miya, kowa ya ɗauka magani ne. Ni kaɗai take bari in zauna kusa da turmi in tana daka shi.

Muka hau kabu-kabu muka je. Gwaggo ta dubi wayar da ƙawata ta saita mata, ta dube ni.

"Ɗiyata, wagga ta kirki ta?"

Na ce, "Kamar ni take, Gwaggo."

Sai ta gyara zama. "Nan mai ciki ba ta cin tarwaɗa, ɗa shi yi ta dalala. Ba ta cin ƙwai, ɗa shi zan ɓarawo. Haka munka iske." Ta yi dariya. "Ni ko sai in busar da tarwaɗar, in daka da zogale da kuka, in ce magani na. Wace suruka ka hana magani?" Ta roƙi ƙawata kada zancen dakan ya fita. Ƙawata ta ce ko da wasa.

Rana ta biyu ta horon na ɗaga kai sai ga fuskar Gwaggo a bango, ƙatuwa, ana haska bidiyon. A ƙasa an rubuta da Faransanci: camfin da ke kashe mata. Maganarta ta tsaya daidai kan "haka munka iske", sai dariyarta, kamar mai jin daɗin abin. Ɗakin ya ɗauka da dariya. Wata daga Guéné har da share hawaye. Kunya ta kama ni.

Rana ta uku kuma ƙawata ta fito da sabuwar dabararta a cikin kwalba: garin busasshen kifi da zogale da kuka. Aka yi mata tafi.

Na tare ta a bakin ƙofa. Ko gezau. Ta ce, "Ai ita ta ce kada in nuna sauran. Kuma ban faɗi sunanta ba." Sai ka ce a Madécali fuskar Gwaggo tana bukatar suna. Ban taɓa jin an ci amanata kamar ranar ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ni na shimfiɗa mata tabarmar.

Ashe wata a ɗakin horon ta ɗauki bidiyon da aka haska a bangon da wayarta, ta yaɗa. Kafin mako, har masu albasa a kasuwa suna kwaikwayon muryar Gwaggo.

Na koma Madécali na same ta tana daka. Tana ganina ta ajiye taɓarya. Na ce zan sa a fito da bidiyon duka, kowa ya ji gaskiya.

"In kin wanke ni, surukai su ji kihi na ciki, wa ka sha? Bar su su yi dariya."

"Gwaggo, ki yi mini gahwara."

"Na yahe, ɗiyata."

Ta kawo mini ruwa, ta tambayi aiki, ta tambayi babana. Amma kafin ta zauna ta ɗauki faifai ta rufe turmin. Ban sake jin dakan ba sai da na fita ƙofar gida.