Safar da Matar Yayana Ta Ɗinka

Matar yayana malamar aji ɗaya ce. Shekara ashirin da biyu ke nan tana koya wa 'ya'yan mutane riƙon fensir. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta iya lallashi ba ko kaɗan. Tun ranar da ta shigo gidanmu muke tsokanar juna: ina ce mata Hedimasta, tana ce mini Auta, ko da yake yanzu har furfura ta fara leƙo mini.

Yaya gyaran keken ɗinki yake yi, a wani ɗan shago mai warin mai, cike da gwangwanayen ƙananan kusoshi. A nan ya faɗi wata safiya, sukudireba a hannunsa. Asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙafar ta dawo cikin wata biyu, yana ɗan jan ta. Hannun dama kuwa ya kwanta a cinyarsa kamar ba nasa ba, sai ɗan motsin yatsu wanda sai ka ƙura ido za ka gani. In hannun nan bai tashi ba, shago ya rufu ke nan, kuma duk mun san Yaya, zaman gida sai ya riga ciwon kashe shi.

Likitar gashi, wadda ke motsa masa gaɓoɓi a asibiti, ta yi wa Hedimasta bayani dalla-dalla. Ta ce hagun na yi masa komai, don haka ƙwaƙwalwa ta fara mantawa da daman. Maganin shi ne a rufe hannun mai lafiya na wasu awoyi kullum, a tilasta wa mara lafiyan aiki. Ranar Hedimasta ta yanka tsohon bargo, ta ɗinka safar hannu mai kauri marar yatsu, da igiya a wuyanta.

Kowace safiya kafin ta tafi makaranta sai ta ɗaure masa hagun, ta zaunar da shi a teburin falo, ta jera masa aiki: murafan kwalba ya kwashe su zuwa kwano, maƙalan shanya ya matsa, tsohuwar riga ya saka mata maɓalli. Mutumin da ke kwance keken ɗinki ya mayar da shi ido rufe, ga shi yana gumi a kan murfin kwalba guda. Dangi suka yi ca a kanta. Har aka ce dama can jira take ya faɗi.

Ni ban ce komai ba, abin da na yi ya fi magana muni. Ƙarfe goma nakan sulale daga wurin aiki, in kwance masa safar, in ba shi shayi a baki, in kwashe murafan nan in zuba a kwano, in mayar da ɗaurin. Ina fita ina jin kaina ɗan'uwa na gari. Mako biyu muka yi a haka, hannu bai ƙara ko taku ɗaya ba, likita tana ta mamaki.

Ɗaurin ne ya tona ni. Mace mai ɗaure wa yara talatin igiyar takalmi kullum ta san kullin da ba nata ba. Ta tare ni a bakin ƙofa.

"Auta, kana son yayanka?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Anti?"

"To ka daina cinye masa hannu. Duk abin da ka yi masa yau, gobe ba zai iya ba. In tausayi ya dame ka, ka fita waje ka yi kukanka ka dawo."

Na yi fushi, na ɗauke ƙafa daga gidan wata ɗaya cur. Da na koma, na tarar da su a falo, Yaya yana fama da maɓallin wuyan rigarsa, yatsu na karkarwa, maɓalli na zillewa. Tana tsaye a gefe ba ta ko ƙifta ido. Na daure minti biyar, na kasa. Na miƙa hannu zan saka masa.

Sai na ji an damƙe wuyan hannuna. Na duba hagunsa, yana cikin safa. Da daman ya riƙe ni, riƙo mai rawa amma mai zafi.

"Kai, bar ni," in ji Yaya, harshensa da ɗan nauyi. "Rigarka ce?"

Ya sake ni, ya koma kan maɓallinsa. Sai da ya ƙara minti goma sha biyu kafin maɓallin ya shiga. Ban taɓa jin daɗin tsawa irin ta ranar ba.

Bayan wata biyar ya buɗe shago. Ba ya sauri kamar da, manyan kekuna ma ya bar wa wasu, amma kusar da ya ɗaure ba ta kwancewa. Masu cewa muguwa ce yanzu su ke aiko mata da marasa lafiyarsu ta nuna musu yadda ake yi. Ni kuwa ko'ina na zauna sai na ba da labarinta, ina alfahari kamar ni na haife ta.

Kwanan baya na ce mata, "Hedimasta, ke dai zuciyarki dutse ce. Yaya kika iya tsayawa kina kallonsa haka?"

Ta ajiye littattafan yara da take dubawa, ta buɗe mini tafin hannunta na hagu. Tabo huɗu ne a jere, ƙanana, sun yi baƙi, daidai inda farce ke nutsewa in mutum ya dunƙule hannu da ƙarfi.

"Kai sau nawa ka so ka saka masa maɓallin?" in ji ta. "Ni kullum ne, Auta."