Guntun Anko da Sunan Iya Talatu

Kafin hannuna ya lalace ni tela ce, kuma ba yabon kai ba, na iya ɗinki. Shagona yana bakin wani layi a cikin Lafiya, keke biyu da dutsen guga, kuma idan lokacin bukukuwa ya kama ko sararin miƙe baya ba na samu. Ba yunwa ce ta sa ni sata ba. Gara in faɗa muku tun yanzu, ƙannena, kada wani ya ɓata tausayinsa a kaina.

Daga guntun yadi abin ya faro. Kun san yadda ake anko: masu biki su zaɓi atamfa iri ɗaya, kowace mace ta saya ta kai wa telanta. Wani bikin sai mata goma su kawo mini iri guda. Na fara rage rabin yadi a na wannan, rabi a na waccan, ina ce wa kaina ai guntu haƙƙin tela ne. Idan mai kaya ta ce rigar ta ɗame ta, sai in ce, "Hajiya, ƙiba kika ƙara, ba ruwan almakashina." Mu yi dariya, ta ɗauki kayanta ta tafi.

Wata rana na harhaɗa guntayen, suka ba ni riga da zani har da ɗankwali. Na ce bari in leƙa bikin in ga yadda ɗinkina ya zauna a jikin mutane. A bakin ƙofa mai gadi yana korar marasa kati, amma yana ganina ya ce, "Sannu da zuwa, anti," ya matsa mini. Aka ba ni kujera da shinkafa da cinyar kaza. Dangin uwa suka ɗauka ta wajen uba nake, dangin uba suka ɗauka ta wajen uwa nake. Wata ma da za ta tashi liƙi sai ta miƙo mini jakarta, ta ce, "'Yar'uwa, riƙe mini." Ko sunana ba ta tambaya ba.

Ranar na mayar mata da jakarta yadda take. A biki na gaba na zare waya. Daga nan kuma ba na karɓar ɗinkin anko sai na bi ta bayan fage na ji rana da wurin da za a yi taron.

A wani biki a Azuba na yi abin da ya fi komai nauyi a rayuwata. Uwar amarya ta cire sarƙar gwal ɗinta za ta yi alwala, ta sa a jaka. Na zare na tura cikin ɗaurin ɗankwalina. Kafin in fita aka yi kururuwa, aka rufe ƙofar gida. Mata suka shiga kallon juna, kowa anko, kowa ya sha kwalliya, sai tsohuwa ɗaya a gefen rumfa. Iya Talatu ke nan, yayar uban amarya, manomiya daga Assakio. Ba ta samu halin sayen anko ba, ta zo da koɗaɗɗiyar atamfarta wankakkiya tas, da silifa, da doyar da ta kawo gudummawa.

Ban san wadda ta fara nuna ta ba, amma nan da nan aka zagaye ta. Tana cewa, "Haba yara, ni ne fa! Ni na goya baban yarinyan nan." Ba wanda ya saurare ta. A tsakar gida, gaban surukai da baƙi, aka kwance mata zani aka karkaɗe. Ɓarin goro ya faɗo da kuɗin motarta. Wata ta ce ai ta riga ta miƙa wa wani. Ni kuwa, da sarƙar a kaina, na buɗe baki na ce, "Irin waɗannan ai sai a hankali." Uwar amarya har roƙona ta yi in taya ta duba ƙarƙashin kujeru, na kuma taya ta.

A shagona na riƙa jin sauran labarin daga bakin masu kawo ɗinki. Ƙanen Iya ya ce kada ta ƙara taka gidansa. Dangi sun daina aika mata goron gayyata. A garinsu ma idan ta shiga gida sai a kawar da kaya daga kusa da ita. Ina taka keke ina cewa, "Allah ya shirya."

Yadda aka kama ni abin dariya ne, har yau wani lokaci nakan dara. Wasu masu hali suka fitar da anko biyu, kore na ranar kamu, ruwan ɗorawa na ranar walima. Ni koren kawai aka kawo mini, ban san da ɗayan ba. Na ci kwalliyata ranar walima na shiga, sai ga ni ni kaɗai kore shar kamar ganyen alayyafo a cikin tuwo. Mai hankali da ya juya, amma kwaɗayi ya riga ya cinye mini nawa. Ido yana kaina ban sani ba. Ina zura hannu a wata jaka wata budurwa ta cafke ni, ta ce, "Anti, wai ke ta ina ne a bikin nan?" Na rasa sunan mutum ɗaya da zan kama. Aka samu waya biyu a jikina.

Daga wajen 'yan sanda sai kotu, alƙali ya ba ni shekara biyu. Na amsa laifin wayoyi, amma zancen sarƙa na haɗiye shi, don tuni na sayar da ita.

A gidan yari aka miƙo mini rigar da ban san mata nawa suka sa kafin ni ba. Ni da nake gwada mutane da tef, ba wanda ya tambayi awona. Wata rana sabulun wata ya ɓace a ɗakinmu, aka taru a kan wata baiwar Allah mai shiru-shiru, tana rantsuwa ana yi mata ihu. Muryar Iya Talatu na ji a bakinta. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka yanke mini hukunci. Da malamar da ke zuwa koya mana karatu ta zo, na faɗa mata komai. Ta ce, "Tsakaninki da Allah, ki tuba zai karɓa. Amma sunan tsohuwar nan yana hannunki, sai kin kai mata abinta."

Kwana uku da fitowata na hau motar Assakio. Na same ta a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ina jiran ta ɗauko taɓarya. Ta kalle ni ta ce, "Ni na san ban ɗauka ba, Allah ma ya sani. Ba ni ne zan ji ba, 'yata. Gaban mutane aka kwance mini zani, gaban mutane za ki faɗa."

Ranar Juma'a bayan an sauko muka tafi Azuba tare, lokacin da dangin suke taruwa a gidan ƙanenta. A tsakar gidan nan na tsaya, na ce ni ce ɓarauniyar, na faɗi inda na ɓoye sarƙar da maganar da na yaɓa wa Iya. Uwar amarya ta yo kaina, kuma tana da gaskiya, har yau ba ta yafe mini ba. Iya ce ta shiga tsakaninmu. Ta ce, "Ku bar ta. Ba wanda ya kama ta a kan wannan, da ƙafanta ta zo." Maigidan kuwa, mutum da furfurarsa, ya zube gaban yayarsa yana neman gafara.

Na gode wa Allah da ya tona mini asiri ina da sauran numfashi. Na gode wa budurwar da ta riƙe mini hannu, da malamata, da tsohuwar da na ci wa mutunci ta kuma tsaya ta kare ni. Na koma kan kekena. Masu kawo mini ɗinki ba su da yawa, amma kowace da guntun yadinta a leda take tafiya.

Ƙannena, abin da ba naku ba ku bar shi, ko da zare ne, don ni ma da rabin yadi na fara. Ku sa kaya masu kyau idan Allah ya hore, ba laifi ba ne. Amma ranar da abu ya ɓace a taro, idonku ya tafi kan mai tsohon zani, ku riƙe bakinku. Kalma ɗaya na faɗa, tsohuwa ta yi shekaru ba ta ga danginta ba.

Amaryar bikin Azuba ta haihu na biyu a watan jiya. Na farkon an yi suna an watse Iya ba ta ma ji labari ba. Wannan karon mota aka aika har Assakio, ita ta yi wa jaririyar wankan farko.